Goloba Da Hanyoyin Fatauci: Kura Da Shan Bugu, Gardi Da Karɓar Kuɗi

Duk lokacin da rundunar sojan Nijeriya ta tashi ba da tarihin kafuwarta, daga shekarar 1863 take farawa, wato shekarar da wani hafsan sojan ruwa na Ingila mai suna John Hawley Glover ya tara 'yan Arewa 18 a Legas, ya koya musu fareti, ya ba su bindigogi, aka riƙa kiransu Hausawan Glover. Mutanen Legas sun juya sunan ya dace da harshensu, suka ce Goloba, kuma da wannan suna za mu ci gaba da kiransa a nan. Akwai titi mai sunansa a unguwar Ikoyi, an kuma gina zauren taro a tsibirin Legas domin tunawa da shi. To amma a kasuwanninmu na kan iyaka, tun daga Aflawo da Paga har zuwa Gaya da Illela da Maigatari, da wuya a sami wanda ya taɓa jin labarinsa.

A ra'ayinmu, ɗan kasuwa ya fi soja bukatar sanin tarihin wannan Bature, domin duk zaman da ya yi a Afirka ta Yamma a kan magana ɗaya ya ƙare, wato wa ke da ikon buɗe hanyar fatauci, wa ke da ikon rufe ta, kuma aljihun wa kuɗin hanyar zai shiga. Wannan magana ce har yau take hana 'yan albasa da 'yan goro da 'yan shanu barci.

An haifi Goloba a Ingila a shekarar 1829, ya shiga aikin sojan ruwa a 1841 yana ɗan shekara 12. Ya yi yaƙi a ƙasar Bama, inda aka ji masa rauni a 1853. Abin da ya ƙware a kai shi ne auna zurfin ruwa da zana taswirar koguna, kuma wannan sana'a ce ta kawo shi Kogin Kwara a 1857, cikin tawagar Dokta Baikie, wanda gwamnatin Ingila ta aiko domin ya duba yadda jiragen 'yan kasuwarta za su riƙa shiga cikin ƙasa. Jirginsu mai suna Dayspring ya daki dutse kusa da Jebba ya lalace, mutanen cikinsa suka maƙale a gaɓar kogi kusan shekara guda kafin wani jirgin ya iso. Goloba bai zauna jiran tsammani ba. Ya ci gaba da auna kogin zuwa wajen Busa, ya kuma ratsa ƙasar Yarbawa ta tudu tsakanin Kwara da Legas, ya ga garuruwa da kasuwanni da wuraren da ake tsare fatake a karɓi kuɗin hanya.

A waɗannan tafiye-tafiye ne ya fara hulɗa da 'yan Arewa da yaƙe-yaƙen wancan zamani suka jefa cikin bauta aka sayar da su a Kudu. Ya lura cewa mutane ne da ba su da dangi a inda suke, ba su da gona, ba su da sarkin da zai tsaya musu, kuma harshensu da addininsu sun bambanta da na iyayen gijinsu. Duk wanda ya ba irin wannan mutum mafaka da albashi da kaki, ya sami wanda zai bi shi ko'ina. Ya kamata a sani cewa ba dukkan waɗanda aka kira Hausawan Goloba ne Hausawa ba. Akwai Nufawa da Barebari da wasu ƙabilu a cikinsu, amma da yake Hausa ce ta haɗa su, sai Turawa suka yi musu kuɗin goro. Daga nan ne Hausa ta zama harshen bariki a Nijeriya da Gana har tsawon zamani.

Ingila ta karɓe Legas daga hannun Sarki Dosunmu a 1861. Daga 1863 Goloba ya shiga aikin mulkin garin, ya riƙe shi na wucin gadi, sannan ya zama cikakken mai mulki daga 1866 zuwa 1872. Babbar matsalar da ya tarar ita ce kuɗi. Gwamnatin Legas da kuɗin kwastan take rayuwa, musamman harajin kayan da ake shigowa da su ta teku, irin su taba da giya. Idan manja bai sauko daga cikin ƙasa ba, jirage ba za su zo ba, idan kuma jirage ba su zo ba, baitulmali ya bushe. Haka kuma duk ɗan kasuwar da ya ga harajin Legas ya yi masa yawa, sai ya karkata da kayansa zuwa Porto-Novo ko Kwatano. Saboda haka a 1863 aka haɗa Badagiri da Lekki cikin mulkin Legas domin a toshe ƙofofin da kaya ke zurarewa. Mai karatu zai ga cewa rigimar kwastan da 'yan fasa-ƙwauri tsakanin Legas da Kwatano ta girmi Nijeriya da Jamhuriyar Benin baki ɗaya.

Tsakanin Legas da cikin ƙasa kuwa akwai Egbawan Abeokuta da mutanen Ijebu, waɗanda arzikinsu ya dogara ga tsayawa a tsakiya, su saya a wajen na ciki su sayar wa na bakin teku, su kuma karɓi kuɗin hanya. Suna gaba da Ibadan, ba sa kuma son bindiga da albarushi su isa hannunta, don haka sukan rufe hanya duk lokacin da yaƙi ya yi zafi. Goloba ya ɗauki wannan a matsayin laifi ga ciniki. A 1865, lokacin da Egbawa suka yi wa Ikorodu ƙawanya, ya tura sojoji tare da Hausawansa suka fatattake su, da sunan buɗe hanya. To amma shi kansa, idan ransa ya ɓaci da Abeokuta, hana kaya tafiya can yake yi har sai sun sauko. Da Egbawa suka kafa nasu ofishin kwastan domin karɓar haraji kan kayan da ke gangarawa Legas, bai amince ba. Ke nan a wurin Goloba, buɗaɗɗiyar hanya ita ce wadda ta ƙare a gaban teburin kwastan ɗinsa.

Adalci ne a faɗi cewa mutumin ya yi wa Legas aiki. Ya shimfiɗa tituna, kuma a 1867, da aka kori 'yan mishan daga Abeokuta, shi ya yanka wa mabiyansu da suka gudo filaye a Ebute Meta. Bayin da suka tsere suka shiga rundunarsa sun sami 'yancin da ba za su samu a wani wuri ba, kuma ba mu da bakin zargin wanda ya zaɓi kaki a kan mari. Amma siyasarsa ta hanya ta ci shi daga ƙarshe. A 1872 Egba da Ijebu suka haɗa baki suka rufe hanyoyinsu, ciniki ya tsaya cik a Legas, 'yan kasuwa suka yi ta kuka. Goloba ya tura jami'insa ya nemo wata hanya ta gabas wadda za ta bi ta Ondo ta kauce musu, amma babban gwamnan yankin na lokacin, Pope Hennessy, ya ƙi goyon bayan tsarinsa. A shekarar ya bar Legas.

Bai daɗe a gida ba aka sake nemansa. A 1873 yaƙi ya tashi tsakanin Ingila da Ashanti, waɗanda fatakenmu na da ke kira Tonawa, a ƙasar da Turawa suka sa wa suna Gaɓar Zinariya, wato Gana ta yau. Goloba ya ce a ba shi dama ya tara runduna ta 'yan ƙasa ya ɓullo wa Kumasi ta gabas, ta wajen Kogin Bolta, yayin da Janar Wolseley zai taso da sojojin Turawa daga bakin teku. Ƙashin bayan rundunarsa Hausawa ne, waɗanda aka kwaso daga Legas da waɗanda aka ɗauka a nan gaɓar. A watan Janairu na 1874 ya ƙetare Kogin Pra da ɗaruruwan mutane. Wolseley ya riga shi shiga Kumasi a farkon Fabrairu, ya cinna mata wuta ya juya, Goloba ya iso bayan 'yan kwanaki ya tarar da toka. Duk da haka masana tarihi da dama na ganin labarin ƙaratowar rundunarsa yana cikin abin da ya sa Sarkin Ashanti Kofi Karikari ya aika a yi sulhu. Da ɗan gari akan ci gari, in ji masu iya magana.

Yarjejeniyar da aka ƙulla a Fomena ta ɗora wa Ashanti tarar awo 50,000 na zinariya, ta kuma wajabta musu barin ciniki ya gudana tsakaninsu da bakin teku, da share hanyar da ta tashi daga Kumasi zuwa Kogin Pra. A nan ma maganar hanya ce, kuma hanyar da ta nufi jiragen Ingila. Abin da ba a rubuta a takardar ba shi ne abin da zai sami ɗaya hanyar, wadda ta nufi Arewa, wato hanyar Gwanja.

Kafin wannan yaƙi, Salaga ce babbar kasuwar goro. Ayari kan taso daga Kano da Katsina da Sakkwato ƙarƙashin madugu da jagaba, Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari, su yi watanni a hanya da jakuna, suna biyan fito a kowane kogi da gaisuwa a ƙofar kowane sarki. Sukan kawo kanwa da tufafin rini da kayan fata da dabbobi, su koma da goro. Ashanti ce ke riƙe da dazukan goro, ita ce kuma ke da iko a kan Gwanja, ba ta barin baƙin fatake su wuce su shiga inda ake tsinkar goron, sai dai a haɗu a Salaga. Gaskiya kuma ita ce Salaga kasuwar bayi ce, kuma cinikin bayi yana cikin abin da ayarin wancan zamani ke yi. Irin wannan ciniki ne ya tara wa Goloba marasa galihun da ya mayar sojoji.

Da Kumasi ta faɗi a 1874, Gwanja da Dagomba suka yi wa Ashanti tawaye. Ashanti ta rama da makamin da ya rage mata, ta hana goro zuwa Salaga. Madugun da ya yi wata da watanni a hanya sai ya iso ya tarar da abin da ya zo nema ya yi ƙaranci, fatoma ya rasa baƙi, dillali ya rasa la'ada. Ciniki ya koma Kintampo da Atebubu. Yaƙin basasar da aka yi a Salaga a 1892 ya ƙarasa abin da ya rage, 'yan kasuwa da malamai suka watse zuwa Kete-Krachi da Yeji da wasu garuruwa, cikinsu har da sanannen malamin nan haifaffen Kano, Alhaji Umaru, wanda ya zauna a Kete-Krachi har rasuwarsa a 1934. Daga baya Ingila da Jamus da Faransa suka raba yankin a tsakaninsu, hanyar da a da ake biyan sarakuna ta koma hanyar da ake biyan Turawa harajin ayari.

Dubi yadda rabon ya kasance. Goloba ya sami lambar girma daga Sarauniyar Ingila da godiyar majalisar dokokin ƙasarsa. A 1876 aka naɗa shi gwamnan tsibirin Newfoundland, wanda yanzu yake cikin Kanada, a 1881 aka mayar da shi gwamnan wasu tsibirai a yankin Karibiyan, sannan ya koma Newfoundland a 1883. Ya rasu a Landan a 1885, an kuma sa wa wani gari sunansa a can tsibirin. Sojojin da suka ɗauki bindiga dominsa, wasunsu sun zauna a Akra bayan sallama, suna cikin waɗanda suka ƙara wa zangon garin yawa. Rundunar da ya kafa kuwa ba ta tsaya ba. Da ita aka ci Ijebu a 1892, nan ma da sunan buɗe hanya, kuma irin tsarinsa Gwamna Lugga ya bi wajen tara sojojin da suka shiga Kano da Sakkwato a 1903. Bindigar da aka ba ɗan Arewa a Legas ta zagaya ta dawo ƙofar gidansu cikin shekara 40. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Fatauci dai bai mutu ba, domin ɗan kasuwa ba ya zama ya naɗe hannu. Da hanyar tudu ta lalace, goron Gana ya koma bin jirgin ruwa zuwa Legas, kuma da aka buɗe layin dogo zuwa Kano a 1912 sai ya riƙa isa Arewa cikin kwanaki. Alhaji Alhassan Ɗantata yana cikin waɗanda suka fara gane wannan hanya suka ci moriyarta. Amma bayan kowane Ɗantata akwai ƙananan fatake masu yawa da jarinsu ya narke ba a rubuta sunansu a ko'ina ba. Kowa ya san goro ba ya jira, haka albasa, haka tumatir, haka saniyar da ke tsaye a cikin mota.

Dalilinmu na tono wannan tarihi shi ne, Turawa sun tafi amma makamin yana nan, kuma tun asali ma ba su kaɗai ke amfani da shi ba, tun da Egba da Ijebu da Ashanti duk sun rufe hanya a kan abokan gabarsu. A watan Agusta na 2019 Nijeriya ta rufe iyakokinta na tudu domin yaƙi da fasa-ƙwaurin shinkafa, ba ta fara buɗe su ba sai Disamba na 2020, inda ta soma da Seme da Illela da Maigatari da Mfum. Bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli 2023, ƙungiyar ECOWAS ko CEDEAO ta sa takunkumi, aka rufe iyakoki, motoci suka yi jerin gwano a Malanbil, albasar da ta nufi kasuwannin Gana ta ruɓe a hanya. An ɗage takunkumin a Fabrairu 2024, amma shekarar ta ƙare Nijar ba ta buɗe gadar da ke tsakanin Gaya da Malanbil ba. A Janairu 2025 kuma ficewar Mali da Burkina Faso da Nijar daga ƙungiyar ta tabbata. A duk waɗannan rigingimu, babu wanda ya tambayi mai kaya ko direba ko ɗan dako kafin a sauke shinge, alhali su ne farkon masu biya.

Ba mu ce hukuma ba ta da haƙƙin tsare iyakarta ba. Makamai da miyagun ƙwayoyi suna ratsa iyakokinmu, 'yan bindiga suna cin kasuwa da su, kuma duk ɗan kasuwar da ya ɓoye irin wannan kaya a ƙarƙashin buhunan hatsi ya ci amanar 'yan'uwansa, domin shi ke ba hukuma hujjar rufe hanya a kan kowa. Abin da muke cewa shi ne bincike daban, rufe hanya daban. Tarihin Goloba ya nuna cewa rufe hanya ba ya ma biyan bukatar mai rufewa. Shi kansa rikicin hanya ne ya raba shi da kujerar Legas, Ashanti kuma da ta hana Salaga goro ba ta dawo da ikonta a kan Gwanja ba. Kaya sukan sami wata ƙofa, sai dai su isa da tsada, gwamnati ta rasa haraji, talaka ya sayi abinci da ninkin kuɗi.

Saboda haka muna kira ga gwamnatocin yankin nan, na cikin ECOWAS da na ƙawancen ƙasashen Sahel, da su ware abinci da magani da dabbobi daga duk wani saɓani na siyasa, su kuma riƙe 'yancin zirga-zirgar jama'a da aka amince da shi tun 1979. Idan har ya zama dole a rufe wata iyaka, a ba da sanarwa da wa'adi, domin kayan da suka riga suka hau hanya su isa inda za su. Haka kuma a rage shingayen da ke tsakanin gari da gari, waɗanda da yawansu ba su da aiki sai karɓar na goro.

Kiranmu na biyu ga 'yan kasuwa ne da kansu. Ayarin da yana da madugu wanda ke magana da sarakuna a madadin kowa, shi ya sa ake jin maganarsa. A yau 'yan albasa suna nasu, 'yan goro suna nasu, 'yan shanu da direbobi kowa da ƙungiyarsa, kuma ƙungiyar wannan gefen iyaka ba ta san shugabannin ta wancan gefen ba sai ranar da masifa ta faɗo. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ya kamata shugabannin kasuwanni da sarakunan zango na kowane ɓangare su riƙa zama tare tun lafiya lau, su kuma riƙa rubuta asarar da kowace rufewar iyaka ta jawo, mota nawa ta tsaya, kwana nawa ta yi, buhu nawa ya lalace, domin hukuma ta fi jin lissafi a kan kuka. Tarihin Goloba matarsa ce ta rubuta shi ta buga a 1897, shi ya sa duniya ta san abin da ya samu. Asarar fataken Salaga ba ta sami irin wannan gata ba. Kada mu bari tamu ma ta tafi haka.